Wasiƙar Kukun Jirgi

Litinin, 8 ga Mayu, ƙarfe 12:50 na rana

Saura kwana talatin a fara babbar jarrabawar shiga jami'a. Da safe aka goge 31 a saman allo aka rubuta 30 da jan alli.

An raba mana takardun gwaji na biyu. Turanci na ci 87 cikin 150. A auna fahimta, bakwai cikin sha biyar. Labari na huɗu, mai magana kan ƙudan zuma a birane, ko ɗaya ban ci ba. Malama Qiu ta zo ta tsaya a kaina da takardata a hannu.

"Zhuang Liyun, tambaya ta talatin da uku. Me ya sa kika zaɓi B?"

"Na ga kamar ita ta fi dacewa, Malama."

"Kin ga kamar. A ina kika gani? Nuna min layin."

Babu layin.

"To saurara. Ba wanda ya tambaye ki ra'ayinki. Amsa tana kwance cikin rubutun, ki ɗora yatsa a kanta. In yatsanki bai taɓa ta ba, ba amsa ba ce, mafarki ne."

Peishan da ke zama kusa da ni ta raɗa min, "Mai mafarki, ki yi min mafarkin lissafin gobe mana." Na taka mata ƙafa.

Daga yau labari huɗu a rana. Biyu kafin karin kumallo, biyu a hutun rana.

Jiya da na je gida Baba ya ce kamfanin da ya samo wa Yaya Wenbin aikin jirgin ruwa ya bugo waya. Ya ji rauni a hannu, sun sauke shi a Durban, yana asibiti. Ɗan rauni ne. Baba ya faɗa yana kallon kwanonsa. Sau uku ya ce ɗan rauni ne. Mama ta ci gaba da ɓare ɓawon kawar teku, ba ta ɗago ba.

Talata, 9 ga Mayu, ƙarfe 5:40 na safe

Biyu. Na ci biyar cikin takwas.

Alhamis, 11 ga Mayu, ƙarfe 1:05 na rana

Malama Qiu ta ce duk inda muka ga "amma" mu zagaye ta da biro. Ta ce abin da ke gaban "amma" gaisuwa ce kawai, gaskiyar mai rubutu tana bayanta. Na gwada a labarin wata mata mai dashen itatuwa, kuma haka ne. Na ci huɗu cikin huɗu. Karo na farko a rayuwata.

Ɗan rauni ba ya sa a sauke mutum daga jirgi. Bara Yaya ya yanke da wuƙa har ɗinki shida, bai sauka ba.

Huɗu a rana.

Lahadi, 14 ga Mayu, ƙarfe 4:20 na yamma, cikin bas

Da aka mayar mana da wayoyinmu da rana na tarar da saƙon murya daga Yaya. Daƙiƙa sha ɗaya. "Auta, kada ki damu, ƙwarzane ne. Kyamarar wayata ta lalace, shi ya sa ba na kiran bidiyo. Ki yi karatu, in kika faɗi Turanci zan sayar da ke ga masu kamun kifi." Ya yi dariya a ƙarshe. Na saurara sau tara. Dariyar ta zo a makare, kamar an tuna masa ya yi ta.

Akwai wani saƙon daga lambar da ban sani ba. Hoton takarda shafi biyu, rubutun hannu da Turanci, a kan takardar da aka yago daga littafi, da tabon mai a gefe. Na sa wayar ta fassara, ta ba ni shirme, wai "igiya ta ci abincin dare." Rubutun a karkace yake, wayar ba ta iya karanta shi. Sunan da ke ƙasa Rodel.

Na kwafe shi da hannuna cikin bayan littafin nan, harafi bayan harafi, tunda anjima za a karɓe wayar. Bas yana girgiza. Wasu kalmomin zana su kawai na yi.

A gida Mama ta je ɗakin bautar Mazu, uwar teku mai tsare matafiya a ruwa, sau biyu yau. Alhali an gama bikinta tun shekaranjiya.

Litinin, 15 ga Mayu, ƙarfe 1:10 na rana

Sakin layi na farko. Na yi masa yadda muke yi wa labarin jarrabawa: wa ke magana, da wa yake, me yake so.

Rodel kukun jirgin ne, mutumin Filifin. Ya ce Yaya abokinsa ne, shi ya koya masa soya taliya irin ta garinmu. Ya ce Yaya ya taɓa ba shi lambata, ya ce in wani abu ya faru ya rubuto wa ƙanwarsa, ita ce mai Turancin gidan.

Mai Turancin gidan. Tamanin da bakwai.

Na tsaya nan. Na yi labaraina biyu na rana. Uku cikin bakwai.

Talata, 16 ga Mayu, ƙarfe 5:35 na safe

Sakin layi na biyu. Suna ɗaure jirgi a tasha. Akwai na'urar da ke naɗe igiya. Shugabansu na saman jirgi ya aika Yaya ya tsaya kusa da ita ya gyara igiyar da ta harɗe. Rodel ya fito zubar da shara, ya ji umarnin da kunnensa. Ya ja layi a ƙarƙashin wannan, ni ma na ja.

Kalma goma sha huɗu na duba a ƙamus. Yanzu na san sunan kowace igiya da Turanci.

Talata, ƙarfe 5:50 na yamma

Ban ci abinci ba. Peishan ta ajiye min dafaffen ƙwai a cikin aljihun tebur.

Laraba, 17 ga Mayu, ƙarfe 12:55 na rana

Sakin layi na uku. Ba kalma mai wuya ko ɗaya. Ko ɗan aji ɗaya zai karanta shi.

Ya ce: Ɗan'uwanki ya sa na rantse ba zan gaya muku ba sai kin gama jarrabawa, don haka ba zan gaya miki ba. Amma yana cin abinci sosai. Ya ajiye tsinkayen ci, da cokali yake ci, da hagu, a hankali. Ya ba ni gitarsa ya ce in riƙe.

Na zagaye "amma."

Gitar da Yaya ya yi wata biyu yana roƙon Baba a kanta. Wadda ko taɓawa ba ya bari in yi.

Na gane. Ba zan rubuta ba.

Na yi huɗun yau. Ban duba amsoshin ba.

Alhamis, 18 ga Mayu, ƙarfe 5:40 na safe

Biyu.

Juma'a, 19 ga Mayu, ƙarfe 5:45 na yamma

An kama ni. Malama Qiu tana bayanin labari na uku, ni ina kan sakin layi na ƙarshe na wasiƙar a ƙarƙashin takardar darasi. Ban ji tahowarta ba. Sai hannu kawai na gani ya zare littafin.

"Saura kwana sha tara, kina karanta wasiƙar saurayi?"

Aji ya fashe da dariya. Ta fara karantawa a tsaye. Na ga fuskarta ta canja. Ta rufe littafin ta miƙo min, ta juya ta ce wa aji, "Me kuke wa dariya? Shafi na arba'in." Da aka tashi ta ce in biyo ta ofis.

Ta zuba min ruwan zafi a kofin takarda. Sauran malamai sun fita cin abinci.

"Kin gane abin da yake faɗa?"

"Na gane, Malama."

"Bai faɗa ba fa."

"Bai faɗa ba."

"Nuna min."

Na ɗora yatsa kan layin cokali, sannan kan layin gita. Ta cire tabarau ta goge.

"Na ƙarshen fa?"

Na ce ban gama shi ba. Ta ce in karanta a gabanta. Na karanta, ta gyara min kalma biyu kawai. Rodel ya ce za a kawo wa babanmu wata takarda ya sa hannu. Ya ce in karanta ta duka, kowane shafi, kafin kowa ya taɓa biro. Ya ce ya taɓa ganin irinta a wani jirgin. Ya ce, ki karanta a hankali, ƙanwata.

Malama Qiu ta ce, "In takardar ta zo, kawo min. Ba zan fassara miki ba. Zan zauna kusa da ke."

Na tambaye ta ko in gaya wa Baba da Mama abin da na gane.

Ta ce, "Wannan tambayar ba ta cikin abin da nake koyarwa."

Lahadi, 21 ga Mayu, ƙarfe 4:30 na yamma, cikin bas

Na tarar da Mama a tsakar gida da rigunan Yaya a cinyarta, guda biyar. Tana cire musu maɓallai da reza, tana ɗinka irin abin nan mai mannewa na takalman yara. Maɓallan ta tara su cikin murfin gwangwani.

"Mama, me kike yi?"

"Sun tsufa ne."

Riga ɗaya ko sawa bai taɓa yi ba, har yanzu da alamar shago a wuyanta.

Na zauna na zura mata zare a allura sau uku. Ta tambaye ni ko ana ba mu kifi a makaranta. Na ce ana ba mu.

A wurin cin abinci Baba ya ce Manaja Dai na kamfanin zai zo Lahadi mai zuwa da takardar dawo da Yaya gida. Na ce in gani. Ya ce, "Ba ruwanki. Aikinki ɗaya ne, ki yi shi." Da ya fita duba ragarsa ya bar wayarsa a kan tebur. Manajan ya riga ya turo hotonta. Shafi huɗu da Turanci, ƙananan haruffa, sai rabin shafi da harshenmu a ƙarshe. Na tura wa kaina, na goge alamar turawar. Ban taɓa taɓa wayar Baba ba sai yau.

Zan buga ta a shagon bakin ƙofar makaranta.

Litinin, 22 ga Mayu, ƙarfe 1:20 na rana

Wannan ba Turancin mutane ba ne. Jimla ɗaya ta ci layi tara. Na karanta sau uku ban san wa ya yi me ba.

Malama Qiu tana cin shinkafarta daga gwangwani a gefena. Ta ce, "Doguwar jimla kifi ce. Cire ƙayoyin gefe, nemi ƙashin baya. Wa ya yi? Me ya yi? Saura duk ado ne."

Na soke duk abin da ke tsakanin waƙafi da fensir. Layi tara ya koma kalma shida.

Mun gama sashe na ɗaya zuwa na uku. Ba komai a ciki sai sunaye da ranaku.

Talata, 23 ga Mayu, ƙarfe 5:35 na safe

Biyu. Bakwai cikin takwas. Bayan takardar kamfani, labarin jarrabawa kamar hira yake.

Laraba, 24 ga Mayu, ƙarfe 1:25 na rana

Huɗu zuwa shida. Sashe na biyar ya faɗi abin da likitoci suka yi, a fili, da kalma ɗaya. Na duba ta a ƙamus ko da yake na sani. Malama ta tura min ƙyallen takarda ba ta dube ni ba. Muka wuce na shida.

Peishan ta ce, "Ke kullum ofishin Qiu. Ko ta ɗauke ki 'ya ne? Ki gaya mata tana da wata 'yar a nan mai neman maki goma." Na yi dariya. Da gaske na yi.

Alhamis, 25 ga Mayu, ƙarfe 1:30 na rana

Sashe na tara.

Na cire ƙayoyin. Abin da ya rage: ma'aikacin ya saɓa umarni, shi ya je ya tsaya inda aka hana tsayuwa. Iyalinsa sun yarda laifinsa ne. Sun yarda ba za su sake neman komai ba, ko magani, ko kulawa, daga ranar da ya sauka a filin jirgi.

Na koma rabin shafin da aka rubuta da harshenmu. Cewa ya yi iyali sun amince a dawo da shi gida. Iyakarsa ke nan.

Na karanta sashen sau biyar ko na yi kuskure. Na ce, "Malama, ko ni ce ban iya ba?"

Ta karɓa ta karanta da kanta, ta ajiye.

"Kin iya."

Ta rubuta min lamba a bayan takardar. Wata tsohuwar ɗalibarta ce, Lauya Shi, tana aiki a birnin Xiamen kan al'amuran ma'aikatan jirgi. Ta ce, "Ni malamar Turanci ce, iyakar ilimina nan. Amma kada babanki ya dangwala yatsa a wannan."

Ban ji tsoro ba. Fushi na ji.

Juma'a, 26 ga Mayu, ƙarfe 5:50 na yamma

Gwaji na uku. Sha ɗaya cikin sha biyar.

Asabar, 27 ga Mayu, ƙarfe 12:45 na rana

Na haddace sashe na tara da harshenmu. Na faɗa wa bangon banɗaki sau huɗu. Kowane lokaci muryata tana mutuwa a tsakiya.

Lahadi, 28 ga Mayu, ƙarfe 5:10 na yamma

Na rasa bas ɗin ƙarfe huɗu. Ina jiran na gaba a bakin titi. Zan rubuta duka tun ban manta ba.

Manaja Dai ya zo ƙarfe biyu da kwandon lemo da abarba. Mutum ne mai fara'a, ya yabi shayin Baba, ya kira Mama "Yaya." Ya ce, "Wannan ce mai jarrabawar? Kai, madalla. Je ki ɗaki ki yi karatu, 'yata, kada mu dame ki."

Ban tafi ba. Na tsaya a bakin ƙofa.

Ya shimfiɗa takardar, ya buɗe shafi na ƙarshe kai tsaye, ya fito da 'yar gwangwanin jan tawada. Ya ce al'ada ce kawai, in an dangwala yau, mako mai zuwa Wenbin yana gida yana shan miyar uwarsa. Baba ya goge babban yatsansa a wando.

Na ce, "Baba, tsaya."

"Liyun, shiga ciki."

"Baba, ba abin da ya gaya maka ne a rubuce ba."

Manajan ya yi murmushi. Ya ce Turancin shari'a daban ne da na makaranta, ko shi da ya shekara ashirin a aikin ba ya gane shi duka.

Na ce, "To bari in karanta, in na yi kuskure sai ka gyara min, Kawu."

Na ɗauki takardar. Na fara daga sashe na tara, jimla da Turanci, sannan da harshenmu, yatsana a kan layin. Muryar ba ta mutu ba. Da na gama na miƙa masa na ce ya nuna min inda na ɓata. Ya ce ba haka ake fassara shi ba. Na ce to yaya ake fassara shi. Ya sha shayi.

Baba ya ce, "Wai laifinsa ne? Haka aka rubuta?"

"Haka aka rubuta. Kuma akwai wanda ya ji lokacin da aka aike shi wurin. Ya rubuto min."

"Karanta min daga farko. Duka."

Na fara. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Da na zo na biyar na tsaya, na dubi Mama. Baba ma ya gane me ke tafe, ya ce da sauri, "Tsallake wannan."

Mama ta ce, "Kada ki tsallake."

"Ke ba ki san..."

"Tun ranar farko na sani. Ka shekara talatin kana yi min ƙarya ba ka iya ba, sai yanzu za ka iya? Na ji ka a bayan gida kana tambayar mutumin nan a waya daga ina zuwa ina a hannun." Ta juyo gare ni. "Ke ma kin sani. Kin zura min zare kin kasa haɗa ido da ni. Karanta, Auta. Ina so in ji da bakin 'yata, ba da bakin baƙo ba."

Na karanta. Na faɗi kalmar.

Mako uku muna zaune a tebur ɗaya, kowa yana ɓoye wa kowa abu ɗaya.

Ba wanda ya yi kuka a gaban baƙo. Baba ya miƙa hannu ya rufe gwangwanin tawadar, ya tura wa manajan. Ya ce, "Ka gama shayinka?"

Manajan ya ce in ba a sa hannu ba, shi ba zai iya cewa ga ranar da yaron zai dawo ba. Zai iya ɗaukar wata da watanni. Ya ce mu yi tunani. Ya bar kwandon. Mama ta bi shi da shi har mota.

Baba ya kira lambar Lauya Shi da kansa. Sannan ya dube ni ya ce, "Kin taɓa min waya." Na ce na taɓa. Ya ce, "Je ki kama bas."

Litinin, 29 ga Mayu, ƙarfe 5:40 na safe

Wata da watanni. Shi kaɗai, a inda ba wanda ke jin harshensa.

Biyu.

Talata, 30 ga Mayu, ƙarfe 1:15 na rana

Malama Qiu ta kira ni ofis, ta miƙo min wayarta. Baba ne ya ba Yaya lambar.

"Wa ya sa ki?"

Ko gaisuwa babu.

"Yaya..."

"Na ce wa ya sa ki? Da yanzu ina shirin tahowa. Kin san yadda nan yake? Kin san kwana nawa na yi ina kallon silin ɗaya? Na ce a bar ki ki yi jarrabawarki, wannan kaɗai na roƙa."

"Sun rubuta laifinka ne."

"Su rubuta! Zai dawo min da shi ne?"

Ina jin wata mata tana magana a lasifika can bayansa.

Na ce, "Ba laifinka ba ne, kuma ba za mu ce laifinka ba ne."

Ya kashe.

Malama ta ce in zauna in huta. Na ce ina da biyu da ban yi ba.

Laraba, 31 ga Mayu, ƙarfe 5:50 na yamma

In na yi kuskure fa?

Alhamis, 1 ga Yuni, ƙarfe 5:35 na safe

Na sake karanta sashe na tara. Ban yi kuskure ba.

Asabar, 3 ga Yuni, ƙarfe 12:40 na rana

Baba ya zo bakin ƙofar makaranta da kansa, da takalman roba, ya kawo min taliya da kawa a kwano mai murfi. Bai taɓa zuwa ba tun da na shiga makarantar nan. Ta tsakanin ƙarafan ƙofa muka yi magana.

Ya ce Lauya Shi ta rubuta musu. Ta ce dawo da shi gida dole ne a kansu, da sa hannu ko babu. Ta ce sauran maganar za ta ɗauki lokaci, wataƙila shekara, kuma ba ta yi alkawarin komai ba. Ta nemi wasiƙar Rodel, ta kuma yi magana da shi, ya ce zai faɗi abin da ya ji a gaban kowa.

"Yaushe zai dawo?"

"Ba su faɗa ba tukuna. Ci abincinki tun da zafi."

Ya tsaya har na cinye. Da zai tafi ya ce, "Turancin nan, wace rana ce?" Na ce Alhamis da yamma. Ya gyaɗa kai.

Litinin, 5 ga Yuni, ƙarfe 5:30 na yamma

Darasi na ƙarshe. Malama Qiu ta ce kada kowa ya ɓata fiye da minti takwas kan labari ɗaya, in ya gagara a wuce a dawo. Ta ce mu ci abinci, mu yi barci. Ta tsaya kamar za ta ƙara wani abu, sai ta tattara takardunta ta fita. Peishan ta yi kuka, ita da ta shekara uku tana kwaikwayon tafiyarta.

Yaya bai sake kira ba.

Laraba, 7 ga Yuni, ƙarfe 5:40 na yamma

Jarrabawar harshenmu da ta lissafi. Sun wuce.

Alhamis, 8 ga Yuni, ƙarfe 6:40 na yamma

Labari na huɗu a kan yadda tsuntsaye ke gane hanya ne. Na gama da sauran minti goma sha biyu, na koma na duba. Ba zan ce ga abin da na ci ba. Kowace amsa dai na san daga inda na ɗauko ta.

Da aka buɗe ƙofa ƙarfe biyar, titi ya cika da iyaye, laima da furanni, mata da jajayen riguna. Zafi kamar a tukunya. Ina neman hular Baba sai na ga wani dogo ramamme a gindin bishiya, sanye da jaket a wannan zafin. Hannun jaket ɗin na dama an naɗe shi daga gwiwar hannu, an maƙale da fil. Mama tana gefensa, Baba a bayansu.

Jiya da safe ya sauka. Sun ɓoye min. Har yanzu ba mu daina ba.

Na tsaya a gabansa na rasa abin yi da hannuwana.

Ya ce, "Kin yi ƙiba. Haka ake jarrabawa?"

"Kai kuma ka zama sandar shanya."

"Abincinsu ne. Wake da burodi, wake da burodi." Ya kalli gefe. "Har yanzu ina fushi da ke."

"Na sani."

"Kaɗan."

Akwai gorar ruwa mai sanyi a hannunsa na hagu, ya saya min. Ya miƙo, sai ya ga ba a buɗe ta ba, ya janye. Na kai hannu zan karɓa, Mama ma ta kai.

Ya ce, "Ku bari."

Ya tsuguna a bakin titin, ya matse gorar tsakanin gwiwoyinsa, ya kama murfin da hagu. Ya zame. Ya goge tafinsa a wando ya sake kamawa. Mutane suna wucewa suna kallo. Baba ya matsa ya tsaya ta gefen da suke. A karo na uku murfin ya yi ƙara, ruwan ya yi tsalle ya jiƙa masa wando har gwiwa.

Ya miƙe ya ba ni rabin da ya rage.

Ba na jin ƙishirwa. Na shanye duka.